Meta Quest 2 a jinyar yaro mai sankarar jini

Ɗana shekararsa 11, ana yi masa maganin sankarar jini a nan Abuja. Duk wanda ya yi irin wannan jinya ya san cewa kafin wahalar kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, akwai wahalar neman jijiya. Yawan suka yana sa jijiyoyi su ɓuya, shi kuwa da ya hango sista da tirenta sai ya ƙanƙame hannunsa ya fashe da kuka. Saboda wannan ne ƙanena ya sayo mana Meta Quest 2 na hannu a Banex da ke Wuse 2.

Na'ura ce da ake ɗaurawa a fuska ta rufe ido ruf. Duk inda yaro ya juya kai, sai ya ga kansa a ƙarƙashin teku ko a sararin samaniya. Tun shekarun 1990 Hunter Hoffman da abokan aikinsa na Jami'ar Washington a Amurka suka fara gwada dabarar a kan waɗanda suka ƙone, lokacin wanke musu rauni. Idan ido da kunne suka shagala, hankalin da zai koma kan zafi sai ya ragu.

A wajen sa kanula (ƙaramin bututun da ake sakawa a jijiya don ba da magani) da ɗiban jini, wallahi ta taimaka mana. Yana jin shigar allurar, yakan ce "wash!", amma ya daina fizge hannu, har in ji yana cewa, "Umma, ga wani ƙaton kifi!" Hannu a sake ya fi sauƙin samun jijiya. Kuma ba ma yaudararsa: sai sista ta faɗa masa za ta soka, shi ya zaɓi abin da zai kalla. Yaron da ake juyawa duk yadda aka ga dama, wannan ɗan zaɓin ma babban abu ne a wurinsa.

Tashin zuciya kuwa ba ta yi masa komai ba. Bidiyo mai gudu ma ƙara masa jiri yake yi, don haka ranar da amai ya taso ajiye ta muke yi, mu koma ga ondansetron, maganin amai da likita ya rubuta.

Nauyinta ya kai rabin kilo, igiyarta tana gurzar kan da gashi ya zube, sai mun sa masa hula mai laushi. Soson fuskarta yana shan gumi, ga shi kemo yana karya garkuwar jiki, shi ya sa muka sa masa rigar roba da ake gogewa da sifirit. Gilasan ciki busasshen ƙyalle kawai suke so, kuma kada rana ta haska su. Idan ta cika da caji tana yin aiki awa biyu zuwa uku, kuma gara a sauke bidiyon tun daga gida.

Kamfanin Meta bai yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ya yi amfani da ita ba, alhali yawancin masu ciwon dajin ido da na ƙoda ƙanana ne sosai. Mai farfaɗiya ko matsalar ido, a fara tambayar likita.

Ba zan ce wa iyayen da ke haɗa kuɗin kemo da kyar su taɓa kuɗin magani don ita ba. Masu kai tallafi asibitoci nake roƙo su duba: sa kanula mintuna kaɗan ne, na'ura ɗaya za ta iya zagaya yara da yawa a ɗaki guda, muddin akwai mai goge ta tsakanin yaro da yaro.