Mita ko ƙaramar testa: wacce za ta gane maka tsohuwar transista?

Malam, in ka ciro transista daga tsohuwar rediyo ba ka gane wacce iri ce ba, kafin ka kashe kuɗi a kanta, sake duba lambar da ke jikinta. Kamfanonin Japan sukan yar da "2S" a jiki, C828 ita ce 2SC828. Transista iri biyu ce, PNP da NPN: harafin bayan "2S" in A ko B ne PNP ce, C ko D NPN. Na Turai kuwa, harafin farko na nuna sinadarin da aka yi ta da shi, A jamaniyam ne kamar AC128, B silikon kamar BC108. In ba ta shiga ko ɗaya ba, wataƙila lambar cikin gida ce ta kamfanin rediyon, da wuya ka same ta a intanet. Sai awo.

Ni dai mita nake yabo, wato na'urar awon wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Juya ta wajen awon dayod, cikin ƙafafu ukun transistar ka nemi ƙafar da ke ba da karatu da sauran biyun, ita ce bes. Jan waya a kanta NPN ce, baƙi PNP. Karatun volt 0.6 zuwa 0.7 silikon, 0.2 zuwa 0.3 jamaniyam. Da haka na tashi rediyon kawuna na Gwammaja, wadda yake jin labarai da ita tun muna yara. Lambar ta goge sarai, mita ta nuna PNP mai 0.25. Na sa AC128, murya ta fito tas, har yau tana gefen tabarmarsa. Da silikon na sa, da muryar ta shaƙe, don an tsara fanel ɗin ne kan ƙaramin ƙarfin da jamaniyam ke buƙata.

Ƙaramar testar nan mai allo tana nuna ƙafafu da hFE (yawan ƙarin ƙarfin da transistar ke bayarwa), na yarda. Amma tsohuwar jamaniyam tana yoyon wuta, testata takan ce dayod biyu ne ko ta ce ta mutu. Tana cikin durowa.

Duk cikinsu babu mai faɗa maka iyakar wutar da transistar ke ɗauka, wannan sai ka duba batirin rediyon da inda take zaune a fanel.

In ka shiga Sabon Gari neman madadi, tafi da mitarka. Akwai masu kankare lamba su buga sabuwa, silikon ta yau a sayar maka da sunan tsohuwar jamaniyam. Rubutu fes a jiki mai alamar kankara, ajiye. Wanda ya hana ka aunawa a gabansa, wuce shago na gaba.

Sayi mita.