Darasin addini a makarantun gwamnati na birnin Kano: abin da yaro yake samu da abin da yake rasawa

Duk wanda ya kai ɗansa firamare ko sakandaren gwamnati a Dala, Gwale, Fagge, Tarauni ko Nassarawa, zai tarar da darasin addinin Musulunci a jadawalin aji, wanda yara har yau suke kira IRK. Ba a biyan kuɗinsa daban, yana cikin karatun da jiha ta ce kyauta ne kuma dole tun 2019. Hukuncinmu a kansa shi ne: darasin ya cancanci zama, manhajarsa tana da kyau, amma yadda ake isar da shi a aji yana da rauni sosai, kuma uban da ya dogara da shi kaɗai zai wayi gari ɗansa ya gama aji shida bai gyara Fatiha ba.

Masu cewa a cire shi sukan kawo misalin waje. Faransa ta fitar da koyar da addini daga firamarenta na gwamnati tun 1882, kotun ƙolin Amurka kuma ta hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a da karatun Baibul a 1962 da 1963. Ingila ta ɗauki wata hanya: dokar ilimi ta 1944 ta wajabta darasin, ta kuma ba iyaye damar janye 'ya'yansu. Tsarinmu ya fi kusa da na Ingila. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Bai hana koyarwa ba. A Kano ma maganar ta wuce doka. Tun da Ɗan Hausa, wato Bature Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909 ake fama da ɗari-ɗarin iyaye da boko, kuma ganin malamin Arabiyya a cikin makaranta yana cikin abin da ya sa mutane suka saki jiki, musamman da shirin UPE na ilimin firamare ga kowa ya zo a 1976. A cire darasin yau, ajin 'yan mata ne zai fara yin fili.

Manhajar daga NERDC take fitowa, wato hukumar tarayya mai tsara manhajar makarantu. An taɓa cusa darasin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa ɗaya da darussan zamantakewa, Musulmi da Kirista duk suka yi ƙorafi, har a 2017, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka ba da umarnin kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ke ciki babu laifi: gajerun surori da ma'anarsu, hadisai, tauhidi, tsarki da salla da azumi da zakka da hajji, tarihin Annabi (SAW) da halifofi, sai tarbiyya. A babbar sakandare a ƙara aure, saki, gado da tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma. A takarda, ya fi na Islamiyyu da yawa tsari, domin yana hawa daki-daki.

A cikin aji ne lissafin yake rushewa. Darasi ɗaya minti 35 ne ko 40, galibi sau biyu ko uku a mako. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a cikin birni. A ɗauki minti 35: biyar sun tafi wajen shigowa da tsawatarwa, goma sha biyar wajen rubutu a allo da jiran yara su kwafa, saura goma sha biyar. Idan aka raba wa yara ɗari, kowa daƙiƙa tara yake samu. Shi ya sa malam yake biya sura da ƙarfi, aji ya amsa gaba ɗaya, a tashi. A cikin wannan amon, yaron da yake cewa "kul" a gurbin "ƙul" babu mai jin sa, kuma haka zai riƙe har ya girma. Karatun Alƙur'ani daga baki zuwa kunne ake gyara shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan makarantar allo ta zaure ta yi wa ajin gwamnati nisa, domin a can kowane yaro sai ya zo gaban malam ya biya allonsa kafin a ce ya wanke.

Akwai dabarar da take rage ɓarnar ba tare da kwabo ba. A raba aji gida goma, kowane gida a ba shi jagora daga cikin yaran da suka yi nisa a Islamiyya, kuma babu ajin da za a rasa irinsu a Kano. Jagora ya riƙa biya wa 'yan gidansa, malam kuma ya saurari gida ɗaya kacal a kowane darasi, yaro-yaro, yana sa alama a rajista a gaban harafin da ya gagara. A zango mai mako 12 da darasi biyu a mako, an samu zama 24, ke nan kowane yaro ya zo gaban malam aƙalla sau biyu. Kaɗan ne, amma ya fi babu nesa.

Sai matsalar da mutane da yawa ba su lura da ita, wato bambancin ruwayar karatun Alƙur'ani. Yaron da ya fito daga makarantar allo da Warshu ya saba, da rubutun da "fa" take da ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama. Littattafan makaranta da yawancin Islamiyyu kuwa Hafsu suke bi, inda "fa" ke da ɗigo ɗaya a sama, "ƙaf" biyu. Yaro ya kalli "fa" ta littafi ya karanta ta "ƙaf", ko ya ce "Maliki yaumiddin" ba tare da ja ba, ko "yuminuna" babu hamza, malamin da bai san Warshu ba ya daka masa tsawa a kan abin da ya saba da shi a ruwayarsa. Daga nan yaron ya yi shiru, ko ya koma gida ya ce an ce malamin zaure bai iya ba, rigima ta tashi tsakanin uba da makaranta. Maganinsa minti goma ne a makon farko na zango: a rubuta haruffan biyu gefe da gefe a allo, a faɗa wa yara duka biyun ruwayoyi ne ingantattu, amma a wannan ajin da Hafsu za a yi jarrabawa.

Fiƙihu ma yana da irin wannan tarko. Kano ƙasar Malikiyya ce, yaron da ya taɓa Ahalari ko Ishmawi ya san farillan alwala bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa da gaggautawa ba tare da jinkiri ba. A wajen Shafi'iyya shida ne, a wajen Hanafiyya huɗu. Idan littafin da uba ya saya a kasuwa ya bi wata mazhaba bai faɗa ba, yaro zai rubuta bakwai a soke masa, ko ya rubuta shida babansa ya ce an ɓata shi. Haka saki da kama hannu a salla, da Maulidi, da wazifa. A benci ɗaya akwai ɗan gidan Tijjaniyya, da na Ƙadiriyya, da na Izala, da ɗan Shi'a. Malamin kirki yana koyar da abin da ke cikin manhaja, ya ambaci saɓani a taƙaice, ya ce wa yaro ya bi abin da ake yi a gidansu. Malamin da ya mai da aji mumbarin ƙungiyarsa ya ci amanar iyaye, kuma wannan shi ne laifin da ya fi cancanta a kai ƙara wajen hedimasta nan take. A ganinmu wannan haɗuwar ita ce babbar fa'idar darasin, wadda Islamiyya ba za ta iya bayarwa ba: kowace Islamiyya tana da ɓangarenta, ajin gwamnati ne kaɗai wurin da waɗannan yaran suke jin hadisi ɗaya daga bakin malami ɗaya. Kuma shi ne kaɗai rabon yaron da gidansu ba su da kuɗin wata na Islamiyya, ko yarinyar da take fita talla da yamma.

Malamai ba a rasa su ba. Garin da yake da makarantar nazarin Larabci ta SAS, wadda ta faro a matsayin makarantar shari'a a 1934, da Kwalejin Aminu Kano ta nazarin addinin Musulunci da shari'a, da Jami'ar Bayero, bai kamata ya yi kukan masu ilimin addini ba. Matsalar rabo ce da harshe. Sau da yawa idan aka yi ƙarancin malamai, sai a miƙa darasin ga duk wanda yake da sarari, wai ai kowa Musulmi ne, abin da ba za a yi wa lissafi ba. Sannan gwanin Larabci yakan yi rauni a Turanci, alhali WAEC da NECO da Turanci suke tambaya. Sakamakon shi ne yara su haddace fassarar Turanci ba su san me take nufi ba. Abin da yake aiki shi ne bayani da Hausa har yaro ya gane, sannan a ba shi taƙaitaccen rubutu da Turanci don jarrabawa. Ita jarrabawar ma ta buɗe wata ƙofa: an yarda ɗalibi ya rubuta sura da haruffan boko, don haka ana iya cin darasin da sakamako mai kyau ba tare da an iya haɗa baƙi ba. A rubutun boko kuwa "sin" da "sad" duk "s" suke zama.

Ɓangaren aikatawa shi ya fi kowanne mutuwa. Ana koyar da alwala a allo saboda famfo ba ya kawo ruwa ko rijiyar burtsatse ta lalace. Amma abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: buta goma da jarka biyu masu lita 25 daga ɗan garuwa. Rabin lita ya ishi yaro, ke nan lita 50 ta wadatar da yara ɗari. A jera su goma-goma a bakin baranda, malam ya tsaya yana kallon wurare uku da aka fi bari a bushe: gwiwar hannu, diddige da tsakanin yatsu. Salla ma haka, tabarma biyu a gindin bishiya, a sa yaro ya yi limanci, a ce masa ya manta zaman tahiya na farko, aji su faɗi ko ƙabli ne ko ba'adi. Wanda ya ga an yi ƙabli saboda ragi da idonsa ba ya sake ruɗewa. A makarantun 'yan mata, babin haila da wanka sai an ba malama mace, domin malami namiji yakan tsallake shi don kunya, yaran kuma ba za su yi tambaya ba, alhali a ƙaramar sakandare ne suke fi bukatarsa.

Zakka da gado wurare ne da ake asarar dama. 'Ya'yan Kantin Kwari da Singa da Dawanau ne a ajin, amma sai a haddace musu "biyu da rabi cikin ɗari" a wuce. A ba su lissafi: kayan shago da kuɗin hannu sun kai naira miliyan 20, sun haura nisabi, shekara ta zagayo, nawa za a fitar? Dubu 500. Manomin da ya yi noman damina zai ba da ɗaya cikin goma, na rani da ya sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Mamaci ya bar mata da 'ya'ya, matar tana da tumuni, idan babu ɗa rubu'i. Malamin addini da na lissafi za su iya haɗa wannan a mako guda.

Yara Kiristoci, waɗanda suke da yawa a makarantun wajen Sabon Gari, Birged da Badawa, haƙƙinsu ne a ba su malamin darasinsu a daidai wannan lokacin, a wani ɗaki. Inda babu malami, abin da ake gani shi ne a bar su suna yawo a fili ko su zauna a bayan aji. Na farko sakaci ne, na biyu kuma idan da tilas ya saɓa wa sashe na 38. Mafi ƙarancin abin da hedimasta zai yi shi ne ya rubuta sunayensu, ya nemi malami daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ko makarantu biyu na kusa su yi tarayya a malami ɗaya.

Ga uba ko uwa, gwajin ba ya bukatar zuwa makaranta. A ƙarshen kowane zango a buɗe wa yaro izu biyu a shafin da bai haddace ba, a ce ya karanta layi uku. A ba shi buta a tsaya a kansa. A duba littafin rubutunsa a ga ko jan biron malam ya taɓa shi, kuma yaushe. A duba jadawali: idan darasin kullum a awar ƙarshe yake, lokacin da yunwa da zafi suka gama da yara, ko an jibge shi ranar Juma'a da ake tashi da wuri, a kai maganar taron iyaye da malamai a nemi a dawo da guda ɗaya kafin tara. A wannan taron kuma a nemi a ware maki 20 cikin 100 na jarrabawar zango ga karatu da baki da alwala a aikace, domin makaranta tana da ikon yin haka a gwajinta na cikin gida ba sai ta jira Abuja ba.