Mun kai karen gonarmu horon kwana a Jidda: yadda ta kaya

A arewacin Jidda, wajen Zahban, akwai wuraren da ake karɓar karnuka a riƙe su na wasu makonni ana horar da su, sannan a mayar wa masu su. A ɗaya daga cikin waɗannan wurare muka kai karen gonar da nake kula da ita a Usfan, ya yi wata guda a hannunsu, kuma tun da ya dawo 'yan'uwa Hausawa da ke aiki a gonaki da istirahohin yankin, wato gidajen shaƙatawa na wajen gari, suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsata ita ce horon ya yi amfani, amma abin da ake yi a cibiyar rabin aikin ne kawai, sauran rabin yana wuyan mutumin da ke ba karen abinci safe da yamma, kuma cibiyar ba ta faɗa wa mutum haka kafin ta karɓi kuɗinsa.

Na san da yawa daga cikinmu za su fara da tambayar abin da ya haɗa Musulmi da kashe kuɗi a kan kare. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ladan mutum yana raguwa kowace rana idan ya ajiye kare, sai dai karen farauta ko na kiwo ko na gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki. Karenmu, wanda yaran maigida suka raɗa wa suna Duna saboda baƙinsa, karen gadin garke ne, ba ya shiga ɗaki, kuma ƙwaryar ruwansa daban take. A ganina, wanda ya ajiye kare don wani aiki da shari'a ta yarda da shi, wajibi ne ya tabbatar karen bai zama fitina ga ma'aikata da baƙi da dabbobin da aka ce ya tsare ba.

Duna ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan kiwo na Jamus ce, kuma bai daɗe da cika shekara ba lokacin da muka yanke shawarar kai shi. Ƙarfinsa ya riga hankalinsa zuwa. Yana daka wa baƙi tsalle har ya kusa kayar da su, idan aka sa masa igiya sai ya ja mutum kiiii, idan aka kira shi ba ya waiwayowa, kuma mafi muni shi ne ya fara kora 'yan raguna da gudu har su afka wa shinge. Bai taɓa cizon kowa ba, amma a ranakun Juma'a da Asabar iyalin maigida suna zuwa da ƙananan yara, kuma babu wanda yake son a jira sai abin ya faru.

Kafin mu biya ko riyal ɗaya na je na ga wurin da idona, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, ya kuma ƙi yarda a tsayar da shi a ofis. Kejin kowane kare yana da faɗin da zai miƙe ya juya, an daɓe ƙasan da siminti mai gangara zuwa magudana, akwai na'urar sanyaya wuri tana aiki, kuma na leƙa ƙoran ruwa na tarar da su cike, ruwan ba shi da gansakuka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafi da gumi suka haɗu kamar Jidda, domin kare ba ya yin zufa a jikinsa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma idan zafin jikinsa ya tashi daga digiri 38 ko 39 da aka saba ya haura 41, rayuwarsa tana cikin haɗari. Sun ce da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya suke fitar da karnuka, kuma na ga mai horon ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙasa ya ɗan jima kafin ya bari a fito da wani kare, don ya ji ko za ta ƙona masa tafin ƙafa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yadda karnukan suka yi da ya bi ta gaban kejinsu: suna matsowa suna kaɗa wutsiya, babu wanda ya maƙale a lungu ko ya lanƙwashe wutsiya tsakanin ƙafafu. Duk wanda ya je irin wannan wuri ya kalli karnukan fiye da yadda zai saurari mai wurin.

Sun ƙi karɓar Duna sai da katin rigakafinsa, wanda ya nuna an yi masa allurar ciwon hauka da allurar da ta haɗa cutar fabo mai sa amai da zawon jini da sauran cututtukan karnuka, suka kuma ce a ƙara masa rigakafin tarin da karnuka ke ɗauka idan an tara su wuri guda. Wannan sharaɗi ya jinkirta mu, amma na yaba da shi. Wurin da zai karɓi karenka ba tare da kati ba, haka zai karɓi na wani mara lafiya ya ajiye a kejin da ke kusa. Na kuma nemi ganin lasisinsu, tunda Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ce ke sa ido a kan harkokin dabbobi a ƙasar nan, suka nuna mini ba tare da gardama ba.

Inda muka ɗan ja da su shi ne hanyar horon. A kan teburin ofis na ga abin wuya mai jan lantarki, wanda ake latsa maɓalli daga nesa ya ja karen, da kuma wani mai haƙoran ƙarfe da ke matse wuya idan an fizgi igiya. Da na tambaya sai aka ce ana amfani da su ne a kan karnuka masu taurin kai, kuma aikin yana sauri da su. Ban musa cewa yana sauri ba, domin dabbar da ke jin tsoro takan daina abin da take yi nan take, amma daina abu don tsoro daban ne da fahimtar abin da ake so, kuma karen da aka ja da lantarki a lokacin da yake kallon yaro yana iya ɗora laifin zafin a kan yaron. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta irin wannan abin wuya tun 2010, kuma a 2021 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka da ke nazarin ɗabi'un dabbobi ta fitar da matsaya cewa a yi horo ta hanyar ba da lada, a bar hanyoyin da ke sa ciwo ko tsoro. Mu kuma da muka san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, bai kamata mu biya kuɗi a azabtar da dabba a bayan idonmu ba. Na ce a rubuta a takardar yarjejeniya cewa ba za a sa wa Duna ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sun rubuta, amma sai da na nace, kuma na fahimci wanda bai tambaya ba ba a sanar da shi.

Mun biya riyal 3,500 na wata guda, abinci da wanka a ciki, kuma sun yi alkawarin turo bidiyo ta WhatsApp a kai a kai. Sun cika alkawarin a farko, daga baya sai an tuna musu.

A tsakiyar watan na koma na zauna a gefe na kalli darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a nan na ga ƙwarewar mai horon. Yana da 'yar jaka a ƙugunsa cike da gutsattsarin busasshiyar hanta. Ya ɗaga tafin hannu, Duna ya zauna, ya ja da baya taku ɗaya, ya dawo ya ba shi hantar kafin karen ya yi tunanin tashi. Sai ya ƙara taku biyu, sannan uku. Da Duna ya tashi kafin lokaci, bai daka masa tsawa ba, bai fizgi igiya ba, mayar da shi ya yi daidai inda yake, ya rage nisan, ya sake farawa. Ya bayyana mini cewa dole ladan ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan abin da ake so, in ba haka ba karen ba zai haɗa su ba, kuma darasin bai wuce minti goma ba aka sallame shi ya huta. A wannan fili Duna yana tafiya a gefen mutum igiya a sake, yana zuwa da kira ɗaya, kuma ko an buɗe ƙofa ba ya fita sai an ba shi izini.

Ranar ɗauko shi an ba ni kamar awa ɗaya a filin nasu, aka nuna mini alamomin hannu da kalmomin umarni, karen ya bi ni sarai, aka ce an gama. A nan ne babban ƙorafina yake. Ni ba ni ke wuni da Duna ba. Mai ba shi abinci da sakinsa da ɗaure shi wani dattijo ne makiyayinmu, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, kuma babu wanda ya tambaye ni a cibiyar wane ne zai riƙa kula da karen, balle a ce in zo da shi. Da muka isa gona, bai yi kwana uku ba ya koma jan igiya a hannun dattijon, ya kuma yi biris da kiransa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, karen nan ai malaminsa ya sani, ni bai san ni da wannan karatun ba." Na ce, "Baba, gaskiyarka, kai ya kamata a koya wa tare da shi." Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san dabbobi: kare yana haɗa abin da ya koya da wurin da ya koye shi, da muryar wanda ya koya masa, da tsayuwarsa, har da jakar hantar da ke ƙugunsa, don haka idan wuri ya sauya, mutum ya sauya, sai an sake bi da shi daga farko, ko da yake karo na biyu ya fi sauri ƙwarai. Masu dawaki a ƙasar Hausa sun san haka, dokin da ke rawa a ƙarƙashin mai shi yakan ƙi motsi idan baƙo ya hau.

Sai da muka sake biyan kuɗi mai horon ya riƙa zuwa gona yana aiki da Baba, ni ina fassara. A gaskiya ya yi haƙuri da shi, ya gyara masa riƙon igiya, ya hana shi maimaita umarni sau huɗu ko biyar a jere, domin hakan yana koya wa kare cewa na farkon ba dole ba ne, ya kuma sa shi ya riƙa ɗibar wani kaso na abincin Duna yana ba shi da hannu a matsayin lada. Baba ya riƙe abin da gaske, kullum bayan sallar asuba sai ya yi masa 'yan mintoci, kuma yanzu karen ya fi jin maganarsa a kan tawa. Wannan ziyarar gida ita ce ta sa kuɗin farko bai tafi a banza ba, kuma a ganina kamata ya yi ta kasance cikin farashin tun farko, ba a sayar da ita daban bayan mutum ya ga matsala ba.

Akwai kuma batun lafiyarsa. Ya dawo ya ɗan rame, wanda likitan dabbobi ya danganta da sauya masa abinci farat ɗaya, kuma mun cire masa kaska a cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa. Kaskar kare tana ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi da ƙarancin jini, wadda maganinta kan ɗauki kusan makonni huɗu, saboda haka muka sa aka gwada jininsa, Allah ya sa babu komai. Da na kai ƙorafi sun ba da haƙuri, sun ce za su yi feshi, amma wurin da ya tsananta a kan katin rigakafi bai kamata kaska ta kuɓuce masa ba. Wanda zai kai nasa ya sa masa maganin kaska kafin ya tafi, ya kuma haɗa shi da abincin da ya saba.

Korar 'yan raguna kuwa, wadda ita ce ta fi damun mu, horon bai kawar da ita ba, domin babu tunkiya ko ɗaya a cibiyar, kuma ba a hana kare abin da bai gani ba. Abin da muka samu shi ne yanzu idan ya zabura aka kira shi yana dawowa, kuma Baba yana zagaya garke da shi da doguwar igiya yana ba shi lada duk lokacin da ya wuce ɗan rago bai kula shi ba. Ana samun ci gaba, amma har yanzu ba ma sakinsa shi kaɗai a lokacin haihuwar tumaki.

Ba kowane kare ne ya dace da horon kwana ba. Ɗan kwikwiyon da bai wuce wata uku ko huɗu ba yana cikin lokacin da yake sabawa da mutane da dabbobin da zai rayu da su, kuma a gona ya kamata ya yi wannan sabon, ba a keji ba. Karen da ke gurnani ko kai cizo saboda tsoro shi ma raba shi da wurin da ya sani yana iya ƙara masa firgici, gara a fara kai shi wurin likita a duba ko ciwo ne ke damunsa, sannan a kawo mai horo gida. Cibiyar ta kuma yi mana tayin wani shiri na daban, mai tsada, na koya wa kare kai hari idan an ba shi umarni. Maigida ya nemi ra'ayina, na ce a'a, domin a gonar da yara ke wasa kuma leburori ke shige da fice, haushin da zai tashi mai gadi ya wadatar, kuma karen da aka koya wa cizo yana buƙatar gwani a kusa da shi kullum, mu kuwa ba mu da shi. Wanda karensa ya girma, lafiyayye ne, matsalarsa rashin jin kira da jan igiya, zai amfana da wannan wuri, muddin ya kai shi tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da zafi ya sauka, ya sa an rubuta hanyar horon da ziyarar gida a cikin yarjejeniya, kuma ya tafi da mai ba karen abinci tun ranar farko.