Esi mai taya a cikin tsohuwar karaban: abin da take iyawa a zafin Gombe

A gonakin rani na wajen Dadin Kowa, da sansanonin 'yan kwangilar hanya, da harabar wasu gidaje a cikin garin Gombe, ana cin karo da tsofaffin ɗakunan tafi-da-gidanka irin waɗanda mota ke ja, wato karaban. Wasu an mai da su ofis, wasu ɗakin kwanan injiniya ko mai kula da gona. Daga Maris zuwa farkon Mayu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40, ba mai iya zama a cikinsu da azahar. Shi ya sa masu su ke tambaya game da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, mai taya, wadda ake ajiyewa a ƙasa, a zura tiyonta ta taga, a jona ta a soket.

Hukuncinmu a kanta shi ne: tana sanyaya karaban da dare, tana kuma iya riƙe ta da rana idan akwai inuwa a kan rufin. A fili tsakar rana kuwa, ba rumfa ba bishiya, kuɗin fetur kawai za ta ci. Rabin laifin na ɗakin ne, rabi na yadda aka ƙera na'urar.

A ɗauki karaban mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2.2. Ƙasanta murabba'in mita 11 ke nan, kuma a ɗakin bulo mai wannan girma esi mai hos ɗaya, wato kimanin BTU 9,000 a ma'aunin ƙarfin sanyayawa, ta wadatar. Sai dai bangon karaban fallen alminiyam ne a waje, siririn katako a ciki, da ɗan abin tare zafi a tsakani wanda kaurinsa bai wuce santimita 3 ko 4 ba, kuma a tsofaffin galibi ya zube ƙasa ko ɓeraye sun kwashe shi. Rana tsaka tana sauke wajen wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, wato wat 11,000 a kan wannan rufin. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ratso, wat 1,100 ya shigo, ba a ma lissafa bango da tagogi da jikin mutane ba, alhali kowane mutum a zaune yana fitar da kusan wat 100. Na'ura mai BTU 12,000, wadda 'yan kasuwa ke kira hos ɗaya da rabi, a rubuce tana kwashe zafin wat 3,500. Da abin da ke rubuce ne ke faruwa, da ta isa.

Abin da ke hana ta isa shi ne tiyo. Mafi yawan waɗanda ake gani a shagunanmu masu tiyo ɗaya ne. Irin wannan tana zuƙar iskar cikin ɗakin, wadda ita kanta ta gama sanyayawa, ta bi da ita ta kan ƙarfen da ke fitar da zafi, sannan ta hura ta waje. Takan fitar da wajen mita kubik 300 a awa guda, ita kuwa karaban ɗin gaba ɗaya iskar cikinta ba ta wuce mita kubik 22 ba. Ke nan kusan duk minti biyar an zubar da iskar ɗakin kakaf, kuma dole wata ta maye gurbinta. Daga ina? Daga waje, ta ƙasan ƙofa, ta tsagar taga, ta ramin waya, da zafinta na digiri 40 da ƙurarta. Kamar ɗiban ruwa ne da hudajjen guga. Saboda wannan ne hukumar makamashi ta Amurka ta fito da wani ma'auni da ake kira SACC, wanda aka fara liƙa wa na'urorin tun 2017, kuma a kansa mai tiyo ɗaya da aka rubuta wa 12,000 takan sauko tsakanin 7,000 da 8,000. Idan kwalin yana ɗauke da lambobi biyu, ƙaramar ita ce gaskiyar.

Mai tiyo biyu ba ta da wannan cuta, domin da iskar waje take sanyaya injinta, ta mayar da ita waje, ta bar ta ɗaki a ɗaki. Duk wanda ya same ta a kan wutar volt 220 zuwa 240, ita ce abin saye ko da ta fi tsada. Wanda kuma ya riga ya sayi mai tiyo ɗaya, kafinta na iya haɗa masa ɗan akwatin filawud ya rufe ragar ƙasa ta bayan na'urar, inda take shaƙar iskar injin, a liƙe gefunan da salatif na alminiyam, a jawo tiyo na biyu daga akwatin zuwa waje. Faɗin sabon tiyon kada ya gaza na asali, wanda yawanci santimita 15 ne, in ba haka ba injin zai shaƙe ya riƙa yankewa. Bakunan biyu a waje a raba su da aƙalla rabin mita, mai fitar da zafi a sama. A kula kada a rufe ragar sama mai ɗauke da matatar ƙura, ita ce ta iskar ɗaki. Wannan gyara yana iya soke garantin kamfani, don haka a yi shi yadda za a iya cirewa ba tare da an huda jikin na'urar ba.

Tiyon kansa yana zafi sosai, ya kan haura digiri 45, kuma duk tsawonsa da ke cikin ɗaki zafi yake mayarwa. Kada a miƙe shi duka don kawai ya kai mita ɗaya da rabi. A matso da na'urar kusa da mafita, a bar shi gajere kuma a miƙe, a naɗe shi da soso mai fuskar alminiyam ko da tsohon bargo. Ƙara masa tsawo da bututun roba kuskure ne da ake yawan yi: fankar ba ta da ƙarfin tura iska nesa, zafi ya taru, kwamfreso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya mutu da wuri.

Falankin roba da ke zuwa a cikin kwali na taga mai zamewa ne, ba ya zama a tagogin karaban, waɗanda ko dai tura su ake waje ko kuma gilashi ne yanki-yanki a jere. A cire gilashin taga ɗaya a adana, a yanka filawud mai kaurin milimita 9 ko 12 daidai gurbin, a huda shi daidai bakin tiyo, a zagaye da soso. A sa raga a waje saboda ƙadangare da ɓera da zanzaro, amma mai manyan idanu, don ragar sauro tana toshe iska. Masu huda daɓe su sauke tiyon ƙarƙashin karaban suna samun ɗaki mai kyan gani, sai dai zafin yana taruwa a ƙasan ya sake shigowa ta tsagogin daɓen. In dai ta nan za a bi, a sa gwiwar bututu ta kai iskar gefe. Ramin shan iska na rufi kuma bai dace da tiyon ba, domin ya yi wa na'urar da ke ƙasa nisa.

Akwai haɗari guda da ya fi duk waɗannan. Tunda mai tiyo ɗaya tana jawo iskar waje ta kowace kafa, idan janareta na kusa hayaƙinsa za ta jawo, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, tana kashe mai barci. Janareta ya yi nisan aƙalla mita 6, bakin salansa ya juya wa karaban baya, kada kuma a taɓa tura shi ƙarƙashinta don gudun ruwan sama ko ɓarawo. Haka nan a karanta takardar da ke liƙe a jikin na'urar. Da yawa daga cikin sababbin suna aiki da gas ɗin R290, wanda ke kama wuta, kuma kamfani yana rubuta mafi ƙarancin faɗin ɗakin da aka yarda a sa ta, a wasu samfuran murabba'in mita 10 zuwa 12. Ƙaramar karaban tana iya gazawa. Tukunyar gas ta girki ta zauna a waje.

Wuta ita ce inda kuɗi yake. Mai BTU 12,000 tana jan wat 1,100 zuwa 1,400, amfiya biyar zuwa shida ke nan, amma lokacin da kwamfreso ke tashi yakan ja ninki uku ko fiye na ɗan lokaci. Ƙaramin janaretan Tiger ba zai ɗaga ta ba. Janareta mai 2.5kVA shi ne ƙarshen ƙasa, kuma in akwai firji ko famfon ban ruwa a kansa, a nemi 3.5kVA. Samfurin inbata yana tashi a hankali, shi ya fi sauƙi a kan janareta da sola. Masu sola su yi lissafi tun kafin su saya: batir ɗaya mai 200Ah a kan volt 12 yana ɗauke da 2.4kWh, kuma in na ruwa ne rabin kawai ake ci idan ana son ya daɗe. Batura huɗu ke nan ba za su ba da fiye da awa huɗu na cikakken aiki ba. A wutar NEPA kuma, idan ta yi ƙasa da volt 200 kwamfreso yana gurnani ya kasa tashi, don haka sitabilaiza mai 3,000VA da ke jinkirta minti uku kafin ta mayar da wuta ba ado ba ce.

Kada a amince da wayoyin cikin tsohuwar karaban. An ja su ne don fitila da rediyo. A ja wa na'urar sabuwar waya ta jan ƙarfe mai kaurin 2.5mm², da soket ɗinta mai amfiya 13, da birekarta. Jikin karaban ƙarfe ne a kan tayoyin roba, saboda haka mai gyaran wuta ya haɗa shi da wayar atin zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, don kada wanda ya kama hannun ƙofa ba takalmi ya sha wuta. Na'urorin gwanjo da ke shigowa daga Amurka kuwa na wutar volt 115 ne mai 60Hz. A duba bayan na'urar kafin a yi ciniki, domin jona ta kai tsaye ƙonewa ne, kuma taransifoma ba ta gyara bambancin Hz.

Abin da ya fi ƙara wa wannan na'ura ƙarfi ba a shagon kayan wuta ake sayensa ba. Rumfa ce. Ta zana ko ta kwano, a ɗaga ta santimita 40 zuwa 50 sama da rufin yadda iska za ta ratsa tsakani, ta kuma zarce gefuna. In akwai bishiyar maina, a tura karaban ƙarƙashinta. A juya ta yadda ƙananan ɓangarorinta biyu ne za su kalli gabas da yamma, a shafa wa rufin farin fenti, a tare tagogin yamma daga waje, don labulen ciki yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo. Sannan a kunna da hantsi tun ɗakin bai gasu ba. Littattafan yawancin samfuran sun nuna iyakar aikinsu digiri 35 ne a cikin ɗaki, kuma karaban da ta wuni a rufe a rana ta wuce haka nesa. In an tarar da ita haka, a buɗe ƙofa da tagogi, fanka ta kori zafin minti goma, kana a kunna esi. A saita ta a 25 ko 26. Saita ta a 16 ba ya ƙara mata sauri, hana kwamfreso hutawa kawai yake yi.

A bazara da wuya a ga ruwan da na'urar ke tarawa, tana ƙafar da shi ta tiyo. Da damina ta zauna, musamman a Agusta, tankin cikinta yana cika, ta nuna P1 ko FL ta tsaya cikin dare. A sa mata siririn tiyon ruwa a mafitar baya, ya gangara ba lanƙwasa, ya fita waje, a kuma tabbatar karaban ɗin a daidaice take, domin ruwan da ya malala a daɓen filawud ruɓar da shi yake. Matatar ƙura kamfani ya ce a wanke duk mako biyu, amma da ƙurar hunturu da ta hanyar gona, duk mako ne. Ƙarfen zafi na ƙasa a wasu samfuran ba shi da matata ko kaɗan, sai an hure shi da bulowa lokaci-lokaci. Bayan kowace tafiya, ko in an kwantar da ita a mota, a bar ta a tsaye awoyi kafin a kunna don man kwamfreso ya koma mazauninsa, a hanya kuma a ɗaure ta da bango, don kilo 30 a kan tayoyi yana fasa kabad.

Tana da ƙara, tunda kwamfreson a gefen gado yake, kuma tana cin wuri: ita kanta kusan rabin mita, ga wani rabin da ake bar mata ta baya. Wasu shagunan kuma suna nuna wa mutum akwatin da ake zuba wa ruwa da ƙanƙara su ce esi ce. Ba ita ba ce, alamar kuwa ba ta da tiyon fitar da zafi. Amma kada a raina ta: a busasshen zafin Maris da Afrilu tana aiki da wat 100 zuwa 200 kacal idan an bar taga a buɗe, sai dai da damina danshi kawai take ƙarawa.

Idan karaban ɗin ta zauna wuri guda ba ta ƙara motsi, esi mai rabi ciki rabi waje, hos ɗaya, samfurin inbata, ta fi mai taya sanyi da shiru da sauƙin wuta, ramin da take buƙata kuma bai wuce santimita 7 ba. Ta kan rufi tana da nauyin da rufin tsofaffi da yawa ba zai ɗauka ba sai an ƙarfafa shi. Mai taya ta dace da wanda ke jan karaban daga wannan aiki zuwa wancan, ko wanda haya yake yi ba shi da izinin huda bango. Shi ma kafin ya biya, ya sa a kunna masa ita a shago minti goma sha biyar, ya ji kwamfreso ya tashi, iskar gaba ta yi sanyi ta baya ta yi zafi, ya kuma ƙirga tiyo da bakunansa biyu da rimot a cikin kwalin, domin bakin tiyon wani samfuri ba lallai ya shiga na wani ba.