Yamaha mai doki 15: shekara biyu ina su da shi a Goronyo

Bana shekarata biyu da ɗaura wa jirgina injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15. A dam ɗin Goronyo nake su, kan gulbin Rima, kuma kafin in saye shi da filafili nake tuƙi kamar yadda na taras da iyayena. Wurin da a da sai hantsi nake isa, yanzu ina zuba taru a can gari bai gama wayewa ba.

Injin ba shi da gardama. Ja biyu ko uku ya tashi, ko da sanyin hunturu. Ana haɗa masa fetur da man 2T, ni rabin lita nake zubawa a lita 25. Tankinsa lita 24 ne, in na buɗe masa wuta sosai awa uku da ɗan wani abu ya tashi da shi. Yana da ƙara, yana da hayaƙi, kuma a tsadar man nan dole ka yi lissafi tun a gida.

Lissafin nan kuwa Baffana ne ya koya min, shi da bai taɓa riƙe inji ba. Ranar da na kawo shi ya dube shi ya ce, "Ɗana, wannan zai kai ka inda hannunka ba zai iya maido ka ba. Raba manka uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya kada ka taɓa shi." Farkon damina na ga amfanin maganar. Muna tsakiyar ruwa, karfasa na ta shiga, sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta bugo. Yaron jirgina yana cewa mu ƙara jan taru sau ɗaya, na ce a'a, muka naɗe. Dawowa iska na gabanmu, igiyar ruwa na dukan goshin jirgi, injin ya sha mai kusan ninkin na zuwa. Kason nan na uku ne ya sauke mu a gaɓa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Abin da nake sa wa ido kullum shi ne ɗan ruwan da injin yake tsartowa ta baya. In ya tsaya, leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwan sanyaya inji, a kashe nan take. Da bazara kuma, in ruwa ya ja baya, kututture da yashi suna cin farfela, sai a ɗaga ƙafar injin kafin a kusanci gaɓa.

Filogi ne kaɗai ya taɓa ba ni wahala, shi ma jabu na sayo a wani shago cikin Sakkwato. Yanzu biyu masu kyau nake ajiyewa a gwangwani, tare da sifana da igiyar ja, ƙarƙashin rigunan kariyarmu.