Wasiƙa daga Birmingham kan ƙaramin jirgin yaƙi na roba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da su Hajiya, saƙonka ya iso. Na ji babban yaronka ya ga hoton ƙaramin jirgin da na haɗa, ya kafe sai an aiko masa da irinsa. Za a aiko in sha Allahu. Amma gara in yi maka bayanin yadda kayan suke, kada ya buɗe kwali ya ga gutsattsarin roba ya ɗauka a hanya aka fasa.

Ba haɗaɗɗen jirgi ake sayarwa ba. A cikin kwalin akwai firam na roba mai ruwan toka, kowane sashe na jirgin yana maƙale a jiki da lambarsa: rabin gangar jiki na dama da na hagu, fukafukai, farfela, tayoyi, kujerar matuƙi. Akwai takardar umarni da zane zalla, ko mutum ba ya jin Turanci zai iya bi. Sai takardar tambura, wadda ake yankawa a tsoma a ruwa, tambarin ya sulɓe a ɗora shi a jikin jirgi. A bayan kwali za ka ga an rubuta 1/72 ko 1/48, wato santimita ɗaya a hannunka yana madadin 72 ko 48 a jirgin gaske. Wanda na haɗa Hawker Hurricane ne, jirgin yaƙin Birtaniya. Faɗin fukafukansa na ainihi ya ɗan haura mita 12, a ma'aunin 1/72 kuwa sai ya dawo wajen santimita 17.

Da gangan na zaɓi wannan jirgi, don ya bi ta garinmu. A 1940, da Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Birtaniya. Sai suka riƙa loda jiragen yaƙi a akwatunan katako zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena, su ratsa Sudan ta Janaina da Fashir da Khartum har Alƙahira. Tafiyar kusan mako guda ce. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Waɗanda aka shirya wa yankin rairayi ana ƙara musu wata matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda ƙura, kuma irin wannan na nema. Ina so yaron ya san abin da zai riƙe a hannunsa kakanninsa sun gan shi yana sauka a Kano.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan ba robar ba ce, hidimar da aka kewaye ta da ita ce. Kamfanin Airfix, mai yin irin waɗannan kayan, ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, wani jirgin yaƙin Birtaniya, tun cikin shekarun 1950, kuma har yau dattawa da jikokinsu suna saya, ko da yake yawancin kayan yanzu a Indiya ake zuba su. Ga Tamiya ta Jafan, ga Revell ta Jamus, ga Arma Hobby ta Folan, duk a kanti ɗaya. In ka buɗe kwali ka tarar wani sashe ya ɓata ko bai zubu daidai ba, kana iya rubuta wa kamfani da lambar kayan da lambar sashen a aiko maka ta gidan waya. In ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa cinikin ka mayar. Ka tuna rasit ɗinmu na gida da ake buga wa cewa kaya in sun fita ba sa dawowa.

Fenti ma da lamba yake. Takardar umarni za ta ce fentin kamfanin Humbrol mai lamba 29, launin ƙasa mai duhu, ko 225, launin rairayi, ko 157, shuɗin da ake shafa wa ƙarƙashin jirgin hamada. Gwangwanin mililita 14 ne kacal, amma wanda ka saya bana da wanda za ka saya baɗi a wani gari launinsu ɗaya. In kana shakkar wani abu a jikin jirgin, sai ka je ka duba na gaske. A gidan tarihin kimiyya na Thinktank da ke nan Birmingham akwai Spitfire da Hurricane a rataye, kuma a Cosford akwai gidan tarihin sojan sama da ake shiga kyauta. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya, IPMS, tun 1963, kowane Nuwamba kuma suna babban taro a Telford, inda mutum zai wuni yana zagaya tebura bai gama ba.

To amma kada ka ɗauka komai ya fi na gida. Ni dai ban ga hannun da ya fi na masu fentin mota na Kano ba, waɗanda za su kalli ƙofar mota su haɗa launinta da ido, ba lamba ba takarda. Yaran unguwarmu da suke ƙera mota da waya da gwangwani da kara, ba wanda ya zana musu komai, su ne injiniya su ne maƙera. A nan an riga an yi maka tunanin, naka bi da haƙuri. Abin da muka rasa shi ne ma'auni tsayayye da wanda zai tsaya bayan kayansa in an saya. Sannan gyara a nan abin takaici ne. Ƙaramar kwamfuresar da nake feshin fenti da ita ta fara zubar da iska, na kai wani shago, mai shagon ya ce kuɗin dubawa kawai ya kusa kuɗin sabuwa, in jefar in sake. Raina ya ɓaci, don na san a Ƙofar Ruwa kafin la'asar an canja mata roba ta koma aiki. Yanayin ma ba ya taimako. Da hunturu sanyi da laima suna sa fentin mai ya daɗe bai bushe ba, ga ɗakuna a rufe, wari ya cika gida.

Kuɗi kuwa, ƙaramin kwali na masu koyo, mai haɗe da fenti da buroshi da gam, bai kai fam 20 ba. Ga mai albashin nan ba wani abu ba ne, amma in ka juya shi zuwa naira za ka gane dalilin da ya sa ba ɗan kasuwar da zai cika shago da su a Sabon Gari. Wuƙar aiki ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma mai kanti yana iya neman katin shaida.

Ga abin da zai zo muku. Kwalin jirgi biyu, ɗaya ya koya da shi, ɗaya ya yi na ajiyewa, da buroshi, da fentin da ake sirkawa da ruwa. Gam ɗin da muke amfani da shi a nan narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, amma yana kama wuta, ba a yarda a sa shi a kayan jirgin sama ba, haka ma fentin mai. Don haka sai dai ya yi da sufa gulu, kaɗan-kaɗan a bakin tsinken sakace. Kada ya kusantar da shi ga murfin matuƙi mai kama da gilashi, tururinsa fari yake mayar da shi, a wajen murfin farin gam na kafintoci ya dace. Kada kuma kowa ya ba shi tina ta fentin mota, cinye robar take yi.

Sauran kayan aiki duk akwai su a gida: abin yanke farce don cire sassa daga firam, reza, samfefa mai laushi, da tef na takarda don rufe inda ba a so fenti ya taɓa. Ya fara wanke robar da ruwan sabulu ta bushe. Ya fenta cikin ɗakin matuƙi kafin ya rufe gangar jiki, don bayan nan hannu ba ya shiga. Ya gwada kowane sashe a wurinsa kafin ya sa gam. Fenti kuma shafa biyu ko uku marasa kauri, kowace ta bushe kafin ta gaba, launi mai haske kafin mai duhu. Da hazo ya kife roba ko kwano a kai da zarar ya ajiye buroshi, in ba haka ba ƙura za ta manne.

Akwai taimakon da nake nema a wurinka. Na sayi kwalin Alpha Jet, irin wanda sojan saman Najeriya suke tuƙawa, amma tamburan da ke ciki ba namu ba ne. Zan haɗo da takardar da ake buga tambarin ruwa a kai. Ka tambayar mini masu buga sitika ko injinsu zai iya fitar da da'irar kore da fari da kore ƙanana sosai ba tare da launin ya baje ba, ka kuma ji nawa za su yi.

Naka,
ƙaninka