Sharhi kan kayan wutsiyar jirgin STOL CH 750, bayan wata bakwai a warshata a Jidda

Wata bakwai ke nan da akwatin katakon ya iso warshata, kuma tun ranar ba a yi mako guda ba tare da wani ya leƙo ya tambaye ni ko da gaske jirgin sama nake haɗawa ba. Da gaske ne. Amma zuwa yanzu wutsiya kaɗai na taɓa, kuma a kanta zan tsaya, don ba na son yabon abin da hannuna bai kai gare shi ba.

Sana'ata aluminiyum ce: tagogi, ƙofofi, kabad ɗin kicin. A nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna. Sha'awar ta kama ni ne a filin Sumama da ke arewacin Riyad, mazaunin kulob ɗin jiragen sama na Saudiyya da aka kafa a 2000 ƙarƙashin jagorancin Yarima Sultan bin Salman, wanda ya je sararin samaniya a 1985. Na je kallon baje kolin jirage, na tsaya dab da wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, sai na ga jerin ribit a jikinsa, wato ƙusoshin haɗa fallayen ƙarfe, barsham ɗin nan da muke ja kullum a warsha. Daga nan ban sake samun sukuni ba.

Kamfanin Zenith Aircraft ne ke yin kayan, a wani ƙaramin gari mai suna Mexico a jihar Misuri ta Amurka (sunan garin ne haka, ba ƙasar ba). Injiniya Chris Heintz ne ya zana jirgin, kuma jirgin ƙane ne ga CH 701 da ya fito a 1986. Shi CH 750 a 2008 ya fito. Mutum biyu yake ɗauka, fuka-fukansa a sama suke, kuma an yi shi ne don tashi da sauka a ɗan gajeren fili, ma'anar STOL ke nan. Abu biyu suka sa na zaɓe shi. Na farko, da aluminiyum samfurin 6061-T6 aka yi shi, wanda ya fi samfurin 2024 da wasu kamfanoni ke amfani da shi jure danshi. Na biyu, ribit ɗinsa na ja ne, mutum ɗaya ya isa, ba irin na dukan da sai wani ya riƙe maka ƙarfe ta ciki ba.

Kashi-kashi suke sayarwa, kuma ana farawa ne da majuyi, wato fallen tsaye na wutsiya da ke karkata hancin jirgi dama ko hagu. A masana'antarsu har bita ta kwana biyu suke yi, mutum ya haɗa nasa majuyin ya tafi da shi. Ni tikiti da biza sun fi ƙarfin wannan, sai na haɗa odar majuyi da sauran wutsiyar gaba ɗaya don kuɗin dako ya zo sau ɗaya.

Game da kayan kansu, yabo ne kawai a bakina. Kowane yanki ya zo da lambarsa, lambar ta yi daidai da takardar lissafi, takardar ta yi daidai da zane. Awon zanen da milimita ne, abin da ya sauƙaƙa mini ƙwarai, ga kuma littafin hotuna mataki-mataki. Na'ura ce ta huda fallayen, don haka idan ka ɗora fata a kan haƙarƙari sai ka ga huji ya hau kan huji. Shekara ashirin ina yankan aluminiyum, na san wahalar samun haka. Akwai kuma dabarar da ta burge ni: bakin abin jan ribit ɗin an rarake shi, yana lanƙwasa kan ribit ya fito kamar ƙoƙo, ya kama fata da kyau.

To, amma littafi aikin yau yake gaya maka. Shawarar da za ka yanke yau saboda aikin da zai zo bayan wata shida, wannan taka ce, kuma babu littafin da aka rubuta a Misuri da zai san halin Jidda. Nan ne duk darasin wata bakwai ɗin ya taru.

Na fara cin karo ne tun kan bakin dirili. Zane da milimita, amma ribit da inci: ƙanana 1/8, manya 5/32, kuma bakunan da ake huda musu su ne lamba 30 da lamba 20. Lamba 30 milimita 3.26 ce. A shagunan Sana'iyya, unguwar masu sana'a, za ka sami 3.2 da 3.5, na farko ya matse, na biyu ya yi sako-sako. A aikin taga ba wanda zai damu da wannan. A jirgi kuwa ribit mai rawa a cikin hujinsa ba ya ɗaukar nauyin da aka lissafa masa. Mako uku na zauna ina kallon kaya ina jiran bakunan su iso. Haka ma kiliko, 'yan maƙalan da ke riƙe fallaye na wucin gadi kafin a ja ribit, masu launin jan ƙarfe na 1/8, baƙaƙe na 5/32: na yi odar kaɗan, sai da na sake. Wanda zai fara, ya haɗa waɗannan cikin akwatin farko. Kwamfuresa, injin matsa iska, kuwa a saye ta nan, don wutar Amurka 120 ce, tamu 220 zuwa 230.

Sai batun gishiri. Duk wanda ya ajiye mota kusa da Kornish, titin bakin teku, ya san abin da iskar Bahar Maliya ke yi wa ƙarfe. Aluminiyum ba ya jan tsatsa, farin gari yake yi, kuma ya fi yinsa a inda falle ya kwanta kan falle, inda danshi ke shiga ya ƙi fita. Wurin nan kuwa da zarar ka ja ribit ka rufe shi ke nan. Masu haɗa jirage sun daɗe suna gardama kan shafa fentin kariya a ciki, wasu na cewa ƙarin nauyi ne kawai da ɓata lokaci. Mai zama a busasshiyar ƙasa yana iya faɗin haka. Baffana, wanda ya yi shekaru yana gyaran jiragen ruwan masunta kafin ƙafa ta zaunar da shi, ya ɗauki haƙarƙari ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Kai yaro, tun ran gini ran zane. In ba ka shafa yau ba, yaushe za ka shafa?" Na ce, "Baffa, zai ƙara mini kwanaki." Ya ce kwanakin ai nawa ne. Irin wannan fentin yana cikin kayan da jiragen dako ba sa ɗauka cikin sauƙi saboda yana kama wuta, don haka a wajen masu sayar da fentin jiragen ruwa na nemo wanda ya dace da aluminiyum. Nakan shafa siriri a duk inda fallaye za su haɗu, da daddare, bayan zafi ya sauka.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na fitila. Na gama majuyin tsaf, na goge kaushin bakin kowane huji, na ja ribit na ƙarshe, na kira mai ɗakina ta zo ta gani. Bayan mako biyu ina duba hotunan jiragen da wasu suka kammala sai na lura da farar fitila a bayan majuyi. Wayarta ta cikin haƙarƙarin take bi, ta cikin zoben roba, kuma kafin a rufe fata ake zura ta. Aikin minti goma ne da na yi shi a lokacinsa. Na kwana biyu ina tunanin in bar shi haka, tunda akwai fitilun bakin fiffike masu haska baya. Amma ban yanke wannan shawarar ba tukuna, kuma ban so rufaffen majuyi ya yanke mini ita ba. Sai na zauna cire ribit ɗaya bayan ɗaya. Cirewa ya fi sakawa hatsari: dirili ya ɗan goce, huji ya faɗaɗa, sai dai ka koma ribit mafi girma, in kuma babu isasshen nama a gefe, yankin ya tashi aiki, ka jira wani daga Amurka. Allah ya taimake ni, biyu kawai suka faɗaɗa.

Tun ranar na maƙala babban kwali a bangon warsha. Kafin in rufe kowane yanki sai na tsaya gabansa na tambayi kaina me zai bi ta cikin nan nan gaba. Da na zo kan fallen kwance na wutsiya, wayar ƙaramar motar da ke daidaita hancin jirgi tana ciki tun kafin in ɗauko fata. A layin fuka-fukai na riga na rubuta bututun awon gudu, fitilu, wayar ma'aunin mai, da siririn bututun roba fanko da zan bari a ciki saboda wayar da ban san da ita ba yau.

Inji ma yana kan kwalin, ko da yake saura shekaru. Na karkata ga Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100, don yana shan fetur na mota mai lamba 95, wanda ke gidajen manmu. Dole a san injin tun yanzu, saboda nauyinsa da mazauninsa sun shafi gaban jirgin duka, kuma mai niyyar zuwa Abha, inda filin jirgi ya haura mita 2,000 sama da teku, ya san siririyar iska da zafi suna rage wa inji da fiffike ƙarfi. Sani daban, saye daban. Robobin injin Rotax duk shekara 5 ake canza su, ba amfanin ya zauna a kwali yana tsufa cikin danshinmu. Na'urorin gaban matuƙi kuwa su ne na ƙarshe, don kafin ka gama sababbi sun fito.

Kuɗi: riyal 3.75 ne dala ɗaya, wannan ba ya motsi, amma ka ƙara dako, kuɗin mukallis mai fitar da kaya daga kwastan, da harajin kashi 15. Kamfanin da ya kawo mini akwatin daga tashar jirgin ruwa ya jingine shi a tsaye duk da rubutun da ke jikinsa, falle ɗaya ya ɗan lotsa a gefe. Ka tsaya da kanka ranar saukewa.

Abin da ya kamata in fara da shi shi na bari a baya. A Amurka doka ta ce mai haɗawa ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa kafin a yi wa jirgin rajistar ginin gida, shi ya sa suke ajiye littafin aiki da hotuna. Ni ma ina ajiyewa, kowane dare da kwanan watansa. Amma a nan hukumar sufurin jiragen sama ta GACA ce ke da magana kan rajista da izinin tashi, kuma wajenta ya dace mutum ya fara zuwa kafin ya tura ko riyal ɗaya.

Ga mai son gwada kansa, majuyin kaɗai ya isa, kuma ya cancanci kuɗinsa: cikin 'yan kwanaki za ka san ko hannunka da haƙurinka za su kai. Ni na gamsu, zan ci gaba da kayan kamfanin nan. Odar fuka-fukai tana jiran in kammala da hukuma a rubuce. Kafin nan akwai aikin ƙofa: faɗin jirgin ya haura mita 9, tsayinsa a wutsiya kusan mita 2.6, ƙofar warshata kuwa 2.4 ce. Fuka-fukai da majuyi a filin jirgi za a ɗaura su, amma gangar jikin sai ta fita a kan tayoyinta, don haka ranar Asabar mai gidan zai zo mu duba ko za a iya ɗaga saman ƙofar.